Kafin Mu Cinna wa Gona Wuta

 

Lokacin sharar gona ya gabato, ba da jimawa ba hayaƙi zai tashi ta ko'ina. A kan wutar nan nake so mu tattauna.

Don mu gane abin da wutar take cinye mana, ku duba juji. Ƙaiƙayi da kashin awakin da aka zuba bara, yau sun zama baƙar ƙasa mai laushi. Wa ya yi aikin? Gara da tana ne suke fara daddatsawa, amma masu ƙarasawa ido ba ya ganinsu, wato ƙwayoyin bakteriya da fumfuna. Ƙasa mai kyau cikin cokalin shayi ɗaya tana ɗauke da miliyoyinsu. Suna cin tarkacen, su saki sinadaran da ke ɗaure a ciki, irin su naitirojin da fosfaras, har saiwar gero ta iya sha. Naitirojin ɗin nan shi muke saye da tsada a buhun Yuriya. In aka ƙone kara, yawancin naitirojin ɗinsa ya bi hayaƙi, tokar kuma iska ta kwashe.

Na san wani zai ce ya taɓa binne ɗanyen kara, shuka ta yi ruwan ɗorawa. Gaskiya ne. Kara ba shi da isasshen naitirojin, sai ƙwayoyin su ranta daga ƙasa kafin su biya, shuka kuwa ba ta jira. Maganinsa ramin haɗa taki. A jera kara da ganye, a bi da kashin dabbobi, a yayyafa ruwa daidai danshi, ban da jagwaɓ, don ƙwayoyin suna bukatar iska. Duk bayan mako biyu a juya. In kun ji ciki ya yi zafi, aiki ne yake ci; zafin yakan kai digiri 60, ya kashe irin ciyawa. Leda da batir kam a tsince su, ba sa ruɓewa.

'Yan'uwanmu na jihar Tawa a Nijar da tassa suka farfaɗo da faƙo: ƙananan ramuka, a zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Mai ƙaramin taki ya gwada haka bana, ko da a gefe ɗaya na gonarsa ne.