Dandalin Landon: Jami'ar da ta Karrama Wanda ya Faɗi Zaɓe



A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, Alf Landon, gwamnan jahar Kansas, ya sha kaye irin wanda ba a cika gani ba. Daga cikin jahohi 48, biyu kaɗai suka bi shi. Sauran duka Franklin Roosevelt ya kwashe. A wasu ƙasashen, mutum irin wannan sai dai ya koma gida a rufe masa ƙofa, in ma ba a ɗaure shi ba. Amma shekara 30 bayan haka, shugaban jami'ar jahar Kansas, James McCain, ya kafa wani tsari na gayyato manyan mutane su yi wa ɗalibai da jama'ar gari jawabi kan al'amuran ƙasa, ya kuma raɗa masa sunan Landon. Landon da kansa ya buɗe shi a watan Disamba 1966.

Manufar ita ce ɗalibi ya ji mai mulki da mai adawa da kunnensa, ba ta bakin wani ba. Landon ɗan jam'iyyar Republican ne, amma ba a mayar da dandalin mallakar jam'iyyarsa ba. Ran 18 ga Maris 1968, Robert Kennedy na jam'iyyar Democrat ya tsaya a wurin, kwana biyu bayan ya shiga takarar shugaban ƙasa. Ya soki yaƙin Biyetnam, har ya amsa cewa shi ma yana da nasa kason laifi a shawarwarin farko. Ban san ɗan takara nawa ne zai iya faɗin haka gaban dubban matasa ba. Cikin watan Yuni aka harbe shi.

A watan Satumba 1970 sai ga shugaba Richard Nixon, mai riƙe da wannan yaƙin. Wata huɗu ke nan da sojojin jahar Ohayo suka kashe ɗalibai 4 a jami'ar Kent. Mu a nan ba sai an fassara mana wannan ba: gadar Yamai mai ɗauke da sunan yayan Robert, a kanta aka harbi ɗalibai ran 9 ga Fabarairu 1990. Wasu ɗaliban Kansas sun yi wa Nixon ihu, mafi yawa sun tafa masa, ya kuma kai ƙarshen jawabinsa.

Daga baya Ronald Reagan, Jimmy Carter da Mikhail Gorbachev duk sun hau dandalin. Shiga kyauta ce, kuma wani kaso na kuɗin ɗawainiya daga aljihun masu hali yake fitowa, abin da nake so ƴan kasuwarmu su lura da shi. Landon kuwa ya rayu har 1987, yana da shekara 100.