Warangi, Ɗan Kifin Da Ke Yawon Dare

Jawabin wannan wata a kan warangi ne, ɗan kifin nan fari mai sheƙi da ake shanyawa a bakin ruwa.

Mutane da dama suna zaton warangi 'ya'yan manyan kifaye ne. Ba haka ba ne. Shi jinsi ne mai zaman kansa, dangin sadin na gwangwani. Iyakar girmansa ke nan. Iri biyu ne a tafkin Kainji. Babban yakan kai tsawon ɗan yatsa. Ƙaramin kuwa bai fi gaɓar yatsa ba, jikinsa har ana hango ciki.

Da can yana cikin kogin Kwara, amma bai yi yawa haka ba. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya kwanta, ya yi faɗi. Sai ƙananan ƙwarin ruwa suka yawaita, waɗanda ido ba ya gani sosai. Su ne abincin warangi. Abinci ya samu, shi ma ya yaɗu.

To, me ya sa ya fi fitowa da dare? Tsoro ne. A teku akwai ƙananan kifaye masu wuni cikin kogon duwatsun murjani, sai duhu ya yi su fito kiwo. Warangi ba shi da kogo. Zurfin ruwa shi ne ɗakinsa. Da rana yakan taru garke guda, ya nutse ƙasa inda haske bai kai sosai ba. Can tsage da giwan ruwa ba sa saurin ganinsa. Da magariba ƙwarin nan sukan hau sama, shi kuma ya bi su. Kafin hantsi ya koma ƙasa.

Abin mamaki, duk da gudun rana da yake yi, hasken fitila na jawo shi cikin dare. A shekarun 1970 masu binciken kifi na Sabuwar Bussa sun gwada kama shi da fitila da atalla, wato ragar nan da ake nutsawa a ɗaga. Amma daren farin wata fitila ba ta da ƙarfi, garken yakan watse.

Warangi yana saurin girma, yana saurin hayayyafa, kuma ba ya daɗewa a duniya. Saboda haka yana jure kamu fiye da manyan kifaye. Matsalar tana wajen ragar da ake kama shi.

Dala raga ce mai ƙananan idanu, kamar gidan sauro. Ana ja ta zuwa gaɓa. To, gaɓar nan mai ciyawa ita ce gidan renon faliya, karfasa da giwan ruwa. Dala ba ta tantancewa. Takan kwaso warangi haɗe da 'ya'yansu. Ɗan giwan ruwa da aka shanya a tabarma, da an bar shi zai iya kai nauyin mutum. Ga shi an auna shi a mudu, an sayar da arha.

Wannan ya sa a shekarun 1990, lokacin shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin, jihohin Kebbi da Neja suka haramta dala. An zauna da sarakuna da sarakunan ruwa kan maganar. Masu dala ba su ji daɗi ba, don sun zuba kuɗi a ragar, kuma ita ke ciyar da iyali.

Mai son ya gane da idonsa, ya ɗebi busasshen warangi tafi ɗaya a kasuwar Yauri, ya baza a faifai. Warangi siriri ne, ƙasan cikinsa da kaushi kamar zarto. Wanda aka ga jikinsa da faɗi, ko da ƙaya a gadon baya, wannan ɗan wani kifi ne.