Hatsin Agaji da Kasuwar Manomi



Tun da aka kafa ma'aikatar OPVN a shekarar 1970 domin ta riƙe ragamar cinikin hatsi a Nijar, har zuwa shekarun 1980 da aka sassauta dokokin kasuwa aka bar mata aikin ajiyar cimaka saboda ranar lalura, mas'alar da ba ta gushe ba tana damun talaka ita ce yadda agaji zai ceci mai yunwa ba tare da ya karya manomi ba. A Mali, tun 1981, masu ba da taimako suka yi ittifaƙi a sayar da hatsin agaji, a sa kuɗin wajen gyaran kasuwar hatsi, kuma cikin wannan tsari akwai hikima.

A nan Kwaya, da sauran garuruwan Magaria da Dungas, manomi yakan auna geronsa tiya tiya da kaka, ya sayar wa ɗan kasuwa da arha domin biyan bashi, a loda buhuna a tsallaka da su Nijeriya, alhali kuwa idan damina ta tsaya, rumbu ya yi fayau, shi ne zai koma ya sayi geron nan da tsada. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a Damagaram ya san haka.

Saboda haka wajibi ne hukuma ta sayi hatsin agajinta a hannun manomanmu da kaka, bisa farashi na adalci, ta fito da shi da rahusa a tsakiyar damina, ta kuma sa ido a kan masu ɓoye abinci, abin da shari'a ta yi hani da shi.