Tsautsayi da Diyya: Haƙƙin Mai Keke a Ƙasar Riruwai



Gabatarwa

Idan mota ta buge mai keke a ƙasar Hausa, kalmar da takan fara fita daga bakin jama'a ita ce "tsautsayi", sa'an nan "haƙuri" ta biyo baya. Ita kuwa kalmar "diyya" ba safai akan ji ta ba, in ma an ambace ta to a ɓoye ne, sai ka ce abin kunya. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa neman diyya haƙƙi ne wanda Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa suka haɗu a kansa, kuma yafewa ba ta cika ba sai mai yin ta ya san abin da ya bari.

Keke da Hanya

Riruwai ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, can a ƙarshen kudancin Jihar Kano, gari ne na duwatsu wanda ya yi suna wajen haƙar kuza. Babbar hanyar yankin ta rabu da hanyar Zariya a Kwanar Dangora, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa Dajin Falgore, ta wuce Doguwa zuwa Saminaka da Jos. A kanta manyan motocin hatsi da na fasinja suke cuɗanya da manomi wanda ya ɗaure buhun masara a bayan kekensa. Ga irin wannan mutum keke shi ne jakinsa, ƙafarsa kuma ita ce jarinsa. Idan ya karye a farkon damina, gonarsa ta bana ta tafi, abincin iyalinsa na baɗi ma ya bi ta.

Abin da aka saba yi sananne ne. Direba ya kai shi wurin maɗori, ya ba da ɗan abin sayen magani, dattawa su taru su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ai ba da gangan aka yi ba. Shi ke nan sai mai rauni ya ce ya yafe, tun bai san ko ƙafar za ta sake taka feda ba.

Hukuncin Shari'a

Wannan magana ta "ba da gangan ba" ita ce ta kamata a tsaya a kanta, domin kuwa saboda kuskure ɗin aka shar'anta diyya. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, ta kuma bar wa magada zaɓin su yafe. Watau imani da ƙaddara bai ɗauke wa mai sakaci nauyin ɓarnar da ya yi ba.

Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin ƙasar Hausa, ta yi bayani filla-filla bisa mazhabar Malikiyya. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Malaman zamani sukan ƙiyasta dinari ɗaya da giram 4.25 na zinariya. Wanda ya rasa hannu ɗaya, ko ƙafa ɗaya, ko ido ɗaya, yana da rabin diyya. Kowane yatsa raƙuma 10 ne, kowane haƙori raƙuma 5. Raunin da ba a yanke masa adadi ba, idan ya bar illa, alƙali ne zai kimanta shi.

Har wa yau akwai ƙa'idoji uku da suka dace da zancen hanya. Ta farko, mai hawan dabba da mai jan ta da mai kora ta duk suna lamunin abin da ta taka, kuma a kan wannan malamai suka kiyasta direban mota. Ta biyu, ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, don a ga iyakar illarsa. Saboda haka sulhun da aka ƙulla a ranar haɗari ya riga lokacinsa. Ta uku, idan abin biya ya kai sulusin diyya ko ya fi, to aƙila ce ke ɗauka, watau dangin mai laifi na wajen uba, cikakkiyar diyya kuma a cikin shekara uku ake biyan ta. Hikimar a fili take: kada mai rauni ya tashi a tutar babu, kada kuma mutum ɗaya ya tsiyace.

Dokar Ƙasa

Dokar ƙasa ta buɗe ƙofa uku. Ta farko ita ce shari'ar laifi. Sashe na 78 na dokar Final Kot, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ya ba kotu ikon umartar wanda aka kama da laifi ya biya wanda ya cuta, ko tare da wani horo ko a madadinsa. Tun daga shekarar 2000 kuma kotunan Shari'a na Jihar Kano suna da ikon hukuncin diyya a tsakanin Musulmi.

Ƙofa ta biyu ita ce ƙarar neman haƙƙi, wadda kowa ke iya shigarwa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A nan mai ƙara zai tabbatar da cewa direba ya yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo raunin. Kotu takan duba kuɗin asibiti, da kuɗin keke, da abin da mutum ya rasa na sana'a, da azabar da ya sha. Idan shi mai keken ma yana da nasa laifi, alal misali ya yi tafiyar dare ba fitila, sai a rage masa gwargwadon laifinsa, amma ba a kore shi ba. Idan kuwa rai ya salwanta, dokar Jihar Arewa ta 1956 a kan haɗarin da ya jawo mutuwa ta ba iyalin mamaci damar ƙara, ta kuma ɗauki masu rabo a diyya a matsayin iyalin Musulmi.

Ƙofa ta uku ita ce inshora, wadda a zamanin yau take ɗaukar kusan nauyin da aƙila ke ɗauka. Tun dokar 1945 aka tilasta wa kowane mai mota ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya buge, kuma sabuwar dokar inshora ta 2025 ta bar wannan tilasci daram. A watan Janairu na 2023 aka ƙara kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, aka kuma ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Ashe sau da yawa wanda aka yafe wa kamfani ne da ya riga ya karɓi kuɗinsa, ba direban da aka ji tausayi ba.

Abin da Ya Kamata a Yi

Shari'a da shaida take tafiya. A rubuta lambar motar da sunayen waɗanda suka gani, a kai rahoto ga 'yan sanda ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988. Ko da za a koma wurin maɗori, a fara zuwa asibiti, domin takardar likita da rasit su ne kotu da kamfanin inshora suka sani. Kada a gyara keken sai an gan shi, kada kuma a dangwala hannu a takardar da ba a karanta wa mutum ba. Jinkiri ma yana kashe ƙara: dokar kare ma'aikatan gwamnati wata uku kacal ta bayar, abin lura ga wanda motar hukuma ta buge. Marar halin ɗaukar lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, kuma ƙarar haɗari tana cikin aikinta.

Kammalawa

Sulhu alheri ne, kuma dagaci da mai unguwa da limami suna da babban matsayi a cikinsa. Abin da ake roƙonsu shi ne su dakata sai rauni ya warke, su gaya wa mai rauni abin da Shari'a ta ba shi, su sa a rubuta abin da aka amince a gaban shaidu. Bayan haka idan ya ce ya yafe, to sadaka ya yi, ladansa yana wurin Allah. Amma wanda aka sa ya yafe cikin duhu, an dai ƙwace masa haƙƙi ne da lalama, kuma Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Allah ya kiyaye hanya, amin.