Idan mai gida ya hana ku haya saboda katin gudun hijira

Waɗanda suka je neman ɗaki a Mokolo da Marwa sun kawo mana kuka. Da mai gida ya ga katin gudun hijira sai ya ce an riga an kama ɗakin, ko ya ninka kuɗi, ko ya nemi na shekara a dunƙule, alhali maƙwabta wata-wata suke biya.

Dokar Kamaru ta 2005 kan 'yan gudun hijira ta hana a nuna muku bambanci, ta kuma ba ku haƙƙin samun wurin zama. Katin nan shi ne shaidar cewa bisa doka kuke zaune a ƙasar.

Kada ku tsaya cacar baki da shi. Ku riƙe ranar, da unguwar, da abin da ya faɗa, ku kawo mana ofishin kariya.

In kun daidaita, a rubuta kuɗin haya a takarda gaban lawan ko shaidu biyu, kuma duk biya ku karɓi rasit. Kada ku bar katinku jingina wurin kowa. Fili kuwa, akan sayar da ɗaya ga mutum biyu, don haka ku kawo takardunsa mu duba kafin ku ba da ko sisi.