Yadda Tsiron Gero Ke Jure Ƙarancin Ruwa

Makonnin farko bayan shuka su ne lokacin da amfanin gona ya fi fuskantar haɗari, musamman idan ruwa ya ɗauke bayan saukar farko, domin saiwar tsiro ba ta kai ga danshin da ke can ƙasa ba tukuna. Da zarar ƙasa ta fara bushewa, tsiro yakan ƙara samar da wani sinadari da ake kira asid absisik, wanda ke rufe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye don kada ruwa ya riƙa fita, ko da yake hakan yana rage iskar da tsiron ke haɗa abinci da ita, sai girmansa ya tsaya. Gero da dawa suna nannaɗe ganyensu da tsakar rana, sannan gero yana saurin zurfafa saiwarsa cikin yashi. Manoman yankin Tawa a Nijar suna tallafa wa wannan juriya da tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki, waɗanda ke tara ruwa a gindin shuka har fari ya wuce.