Kada Garin Gyaran Gira a Rasa Ido: Yadda Ake Goge Sikirin ɗin Kwamfuta



Na san wani zai ce a ransa: duk matsalolin unguwar nan, an rasa abin da za a tara mu a kai sai goge kwamfuta? To, mu leƙa gidajenmu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, don haka duk yaron da ke son jami'a dole hannunsa ya saba da ita. A cikinmu akwai uwar da ta kwashi adashi, akwai uban da ya sayar da rago, don a saya wa yaro laftof ta hannu. Ga masu shagon buga takardu, ga malaman makaranta masu shigar da sakamakon ɗalibai. Kuma duk wanda ya taɓa kai laftof wurin mai gyara ya san canjin sikirin yana cikin gyaran da ke taɓa aljihu sosai. Abin takaici, sau da yawa mai ita ne yake lalata ta da hannunsa, da niyyar tsafta.

Bari mu fara sanin abin da muke gogewa. Sikirin ɗin laftof ba irin gilashin taga ba ne. Gilasai ne guda biyu sirara ƙwarai, da wani ruwa na musamman a tsakaninsu wanda shi ke fitar da hoto, sannan an shimfiɗa wata 'yar leda a sama, mai rage ƙyalli. A yawancin laftof, wannan ledar ce yatsanka ke taɓawa. Ka danna da ƙarfi, sai baƙin tabo ya fito kamar an zubar da tawada, kuma ba ya goguwa har abada. Ka karce ledar, karcen ya zauna ke nan.

Yanzu ga hunturu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska na kwaso mana ƙura daga hamada, da yawanta daga ƙwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. A ido gari ce mai laushi, amma cikinta akwai ɓurɓushin yashi mai kaifi. Yaro ya buɗe laftof da safe, ya ga ta yi furu-furu, sai ya kama bakin rigarsa ko gefen hijabi ya dirje ta. Da yashin nan yake kankare fuskar. Bayan 'yan watanni, in an karkata ta a haske, za a ga zane-zane sirara ko'ina.

To, yaya ake yi? Da farko a kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare caja, a bar ta ta huce. Idan sikirin ya yi baƙi an fi ganin datti, kuma ba wuta a jiki. Sai a karkaɗe ƙurar a hankali da buroshi mai laushi, sabo, wanda ba a taɓa yin wani aiki da shi ba. Daga nan a ɗauko ƙyalle mai laushi irin wanda ake bayarwa da tabarau; ana samunsa wurin masu sayar da kayan waya, kuma ba shi da tsada. A tallafi bayan murfin da hannu ɗaya, a shafa da ɗayan daga gefe zuwa gefe, ba tare da dannawa ba. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Idan akwai shatin yatsa ko maiƙon abinci, a ɗiga ruwa mai tsabta kaɗan a gefen ƙyallen, a matse shi har ya zama danshi kawai. Ruwan rijiya da na burtsatse kan bar farin tabo idan sun bushe, saboda gishirin da ke cikinsu. Ruwan roba ya fi. A shafa, a bi da busasshen gefen, sannan a bar murfin a buɗe har ya bushe kafin a kunna. Ku riƙe wannan da kyau: ƙyalle ake jiƙawa, ba a taɓa fesa ruwa a kan sikirin. Ruwan da aka fesa gangarowa yake yi ya shige ta ƙasan firam, inda wayoyin da ke kai hoto suke.

Abubuwan da ba a kusantar da su kuwa: kalanzir, fetur, tina, ruwan goge farce, bilic, omo, turare, da ruwan wanke gilashin mota ko taga. Waɗannan suna cinye ledar nan, su bar ta da dusu-dusu. Man tsaftace hannu da muka saba da shi lokacin korona yana barin danƙo. Tishu da takarda daga itace ake yin su, suna karcewa. Yawu ma, don Allah a bari. Wasu kamfanoni, irin su Apple, sun amince da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 a kan kayansu, amma ba kowane sikirin ke jure shi ba, sai an duba umarnin kamfanin da ya ƙera taka.

Idan tsautsayi ya sa ruwa ya shiga, a kashe ta nan take, a zare caja, kada a kunna don a gwada. Shanya ta a rana ko tusa ta cikin buhun shinkafa ba magani ba ne. A kai wa mai gyara.

Iyayenmu mata, ku ne a gida, ku sa mana ido. Kada a ɗaga laftof ta murfinta. Kada a rufe ta da biro ko abin sauraro a kan madannai, nan take sikirin ke tsagewa. In an gama aiki a rufe ta, a sa a jaka, nesa da tabarmar da ake cin abinci. Ƙa'idar gogewar nan ita ce dai ta wayoyinmu da talabijin ɗin bango.

Roƙona shi ne, duk wanda ya ji wannan ya isar wa wanda bai zo ba, kuma kowane gida mai kwamfuta ya tanadi ƙyallen nan guda ɗaya, a ware shi don wannan aiki kawai. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya sa albarka a abin da muka saya da guminmu.